Kakana Mai Azara da Ƙaninsa

Kakana ya rasu ranar Juma'a da hantsi, a tsakiyar damina, ranar da kasuwar Wudil take ci. Kafin mu gama kimtsa shi labari ya riga ya shiga kasuwa, don haka ba mu sha wahalar aike ba. Mutane suka yi ta zuwa da kansu, wani da igiyar saniya a hannu, wani ƙafa duk taɓo. Ni ne babban jikansa, sana'ata ɗinki, kuma ni aka zaunar a ƙofar gida kusa da mahaifina muna karɓar gaisuwa. Yanzu an yi sadakar arba'in, gida ya yi tsit. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura aikin Kaka ba ya ɗauke da suna. Azara yake sarrafawa, wato itacen giginya da ake faskarawa a rufa ɗaki da shi, yana kuma kafa rumfuna. Mutum zai zauna a ƙarƙashin rufinsa har ya tsufa, jikokinsa kuma su tashi ba su san wani ya taɓa zufa a kai ba.

Wadda ta fara isowa wata dattijuwa ce mai sayar da fura a bakin kara, inda ake cinikin shanu. Ta sauke ƙwaryarta a gabanmu kafin ta shige wajen mata.

"Ashe mai rumfata ya tafi? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzun nan fa na fito daga ƙarƙashinta."

Mahaifina ya ce, "Sai haƙuri, Inna."

"Haƙuri ya zama dole, ɗan nan. Amma ku sani, tun da ya kafa min ita ko ɗigo bai taɓa faɗawa cikin furata ba. Allah ya ba shi inuwa yadda ya ba ni."

Bayanta sai ga wani tsohon masunci, abokin Kaka tun suna yara suna wanka a kogi. Kuka yake yi yana faɗa, kamar mamacin yana jin sa. "Kun ga mutumin nan? Ya yi min alkawari shi zai saro itacen da za a rufe kabarina, ga shi ya sulale ya bar ni da yaran da ba su san kirya ba, ba su san marke ba. Haka ake yi?" Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska, liman ma sai da ya sunkuyar da kai. Sannan limamin ya ce za a yi wa Kaka salla da an sauko daga Juma'a.

Amma na lura da wani abu. Duk wanda ya gama "ya haƙuri" da "Allah ya jiƙansa", sai ya matso kusa da mahaifina ya rage murya ya ce, "An kuwa gaya wa ƙaninsa?" Kaka yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Kaka Ƙarami. Tare suka koyi aiki a hannun mahaifinsu, tare suka rufa rabin ɗakunan garin nan. Sai suka ɓata a kan azara, ƙaramin ya kwashe iyalinsa ya koma Indabo, shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya ce wa wani ko sannu.

Kakata ta aiko a kira ni cikin gida. Na same ta a bakin ɗakin da aka kwantar da shi, idonta a bushe. Ita da na saba tsokana da "amaryata", ranar ko kallon wasa ba mu yi wa juna ba. Ta ce, "Yau Juma'a, dole yana kasuwa wajen masu azara. Tashi ka nemo shi. Kada a sa mutumin nan a ƙasa da gabar ɗan'uwansa a wuyansa. Ni na san abin da ya kwana da shi a rai."

Na sa takalmi na fita.

Hanyar kasuwa ta bi da ni ta gaban rumfata, inda kekena na ɗinki yake a rufe da tsumma. Kaka ne ya kafa ta, lokacin da na yi aure na fara cin gashin kaina. Ni da na zata zai zo da dirkoki, wato ginshiƙan nan masu baki biyu, ya haƙa rami ya kafa, a wuce wurin. Ina! Sai ya sa na fito da keken na zauna a fili, shi kuma ya samu gindin bango ya jingina yana kallona. Rana ta ɗaga, ta take, ta karkata, mutum yana zaune yana cin goro.

Na ce, "Kai tsoho, aiki ka zo yi ko kallo?"

Ya ce, "Yi min shiru, ɓarawon matata. Ina duba inda haske yake faɗo wa allurarka. In na rufe maka shi ka ɗinke wa mutane wuyan riga a hammata, sunana zai ɓaci, ba naka ba, don kai ba ka da shi."

Haka yake yi wa kowa. Ba ya kafa rumfa sai ya ga mai zama a cikinta, ya san tsawonsa, ya san hannun da yake aiki da shi. Ta mahauci daban, don iska ta ratsa. Ta mai gishiri daban, don kada feshin ruwa ya kai ga kayansa. Yana cewa shi ba fili yake yi wa rumfa ba, mutum yake yi wa. Gindin kowace dirka sai ya babbaka shi a wuta, ya zuba toka a ramin, saboda gara. Ita kuwa gara ya ɗauke ta abokiyar gaba ta haƙiƙa, in ya ga shurinta a hanya sai ya tsaya ya zage ta tas kafin ya wuce.

Duk inda Kaka ya shiga, sama yake fara kallo kafin ya dubi masu gida. Ko gaisuwar mutuwa ya je, za ka ga bakinsa yana "Allah ya jiƙan rai", idonsa yana bin rufi layi layi. Kakata takan ce ta auri mutumin da ya fi sanin rufin ɗakinta a kan fuskarta. Shi kuma ya ce ai rufin ba ya mayar masa da magana. Da yamma in ya dawo aiki sai ya miƙa mata tafin hannunsa, ta zauna da allura tana cire masa baƙaƙen tsinkayen giginya da suka nutse a ciki, yana cewa wash, tana cewa ragon banza. Na tashi ina ganin wannan zama, kuma shi na fi kewa yanzu in magariba ta kawo kai.

Tsinkayen nan su ne suka tuna min da wani abu da na wuce ta hanyar kogi ina dube-dube. Akwai wani kuturu da yake zama a wurin, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Ba wanda ya sa Kaka, ya kwaso guntayen azara ya kafa masa 'yar rumfa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ɗan aikin da bai kai ya kawo ba ya ɗauke shi kwanaki. Ashe zama ya yi da dutse yana goge kowane itace har ya yi sumul. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Kai in tsinke ya shige ka za ka yi ihu a cire. Shi hannunsa ba ya ji. Sai ya ruɓe kafin ya sani." Ranar rasuwar kuwa na tarar da mutumin a cikin rumfarsa ya kifa kai a gwiwa. Ya riga ya ji labari, ban tsaya ba.

Na isa wajen masu azara, a can ƙarshen kasuwa inda ake jingine su tsibi tsibi. Wurin da Kaka Ƙarami yake shimfiɗa buzunsa kowace Juma'a babu kowa. Na tambaya, aka ce yau ba a gan shi ba. Na tsaya a tsakiyar itatuwan nan, ƙanshin ɗanyar giginya yana dukan hancina, ranar da abin ya faru ta dawo min sabuwa fil.

Wani attajirin gyaɗa ne a Darki ya so a yi masa babban zaure. A shekarar kurkunu ya kwantar da Kaka, ƙafa ta kumbura, don haka ƙaninsa ne ya ja aikin shi kaɗai, karo na farko a rayuwarsa, alhali gemunsa ya riga ya fara fari. Masu wannan sana'a sun san giginya iri biyu ce. Akwai mace, mai 'ya'ya, cikinta da taushi. Akwai namiji, wanda ba ya haihuwa, jijiyarsa baƙa ce a matse, gara ba ta iya masa. Da namiji ake rufi. To, azarar namiji ta yanke wa Kaka Ƙarami, mai gida kuma ya matsa lamba a gama kafin ruwan farko. Sai ya cike da 'yan azarar mace a gefe, kusa da bango, inda nauyi bai cika sauka ba. Magina da yawa suna yin haka, ba kuma kullum ne abin yake zama ɓarna ba.

Ranar da za a shimfiɗa zana a ɗora ƙasa, rana ce ta taro. An yi tuwo, maƙwabta sun zo taimako, ni ma ina wurin don na kai wa mai gidan rigar da na ɗinka masa. Sai ga Kaka a kan jaki, ƙafa a naɗe da tsumma. Bai gaisa da kowa ba. Ya sa aka tallafe shi ya shiga ƙarƙashin rufin, ya ɗaga ƙotar gizagonsa yana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Namiji ƙara yake yi, ƙau. Da ya zo gefe sai muka ji buf. Ya sake bugawa. Buf.

Ya kira ƙaninsa da sunan da uwarsu take kiransa da shi yana yaro, sunan da ko matarsa ba ta taɓa ji ba, a gaban almajiran aikinsa da surukinsa. Ya ce, "Sauke."

Kaka Ƙarami ya matso ya yi ƙasa da murya. "Yaya, a gefe suke, nauyi ba ya kaiwa nan. Mu koma daga baya mu yi magana."

"A gaban mutane ka ɗora, a gaban mutane za ka sauke. Zaure aka ce ka yi wa bawan Allahn nan ko kabari?"

Har masu kwaɓa ƙasa suka tsaya da ƙafa a cikin taɓo. Kaka Ƙarami ya juya. Ya hau bango, ya zare azarar nan ɗaya ɗaya da hannunsa, duk wanda ya miƙa hannu zai taya shi sai ya girgiza kai. Da ya gama ya sauko, ya wanke hannu, ya bar tuwonsa a rufe, ya kama hanya. Kafin shuka ta fito ya tashi daga gidan ubansu.

Ina son Kaka, kuma ba zan ɓoye ba: a kan itace shi ne da gaskiya, a kan mutum bai kyauta ba. Da ya ja shi gefe, da an sauke azarar nan ba wanda ya ji. Amma Kaka mutum ne da in ya ga aibi a rufi idonsa yakan rufe, ba ya ganin wanda ke tsaye a ƙarƙashi.

An yi ƙoƙarin sulhu. Mai unguwa ya yi, liman ya yi, masuncin nan ya yi har ya gaji ya koma zaginsu su duka biyun. In aka je wa Kaka sai ya ce, "Ni ban kori kowa ba, azara na kora." In aka je wa ƙanin sai ya ce, "Ni ba fushi nake ba, Indabo ce ta karɓe ni." Da salla yakan turo 'ya'yansa su gai da Kaka, shi kuwa ƙafarsa ba ta tako ba. Ranar kasuwa kowa ya san layin da ɗan'uwansa yake bi, sai ya bi wani. Tsofaffi biyu masu furfura suna ɓuya da juna tsakanin rumfunan da suka kafa tare, abin dariya abin kuka.

Akwai ranar da na raka Kaka ɗaurin aure a Dagumawa, aka saukar da mu a wani sabon zaure. Ya ɗaga kai yadda ya saba, amma wannan karon ya daɗe bai sauke ba, har aka shafa fatiha yana kallon sama. Ya tambayi wanda ya yi rufin, aka ce wani dattijo ne daga Indabo. Ya ce, "Uhm." Sai da muka yi nisa a hanyar gida ya ce, kamar da jakinsa yake magana, "Ka ga yadda ya gicciya guntayen nan a kusurwa? Ko ni ban kai nan ba."

Na ce, "In kai masa wannan magana?"

Ya ce, "Kai dai tsaya ga allurarka."

Ban tsaya ba. Juma'ar da ta biyo na je na faɗa wa Kaka Ƙarami kalma da kalma. Na ga leɓensa ya motsa, ya kau da kai yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Can ya ce, "Yaya yana da baki. Ranar Darki ai bai aiko jika ba."

Da ciwon ajali ya kwantar da Kaka a farkon daminar nan, tari ne da zazzaɓi, kowace Juma'a in na dawo daga kasuwa sai ya tambaye ni, "Kasuwa ta cika?" In ce ta cika. "Masu azara sun zo?" In ce sun zo. Sai ya koma kallon rufi. Kakata ta ce, "Malam, a aika masa mana." Ya ce, "Ya san hanyar gidan ubansa." Ya juya fuska bango, amma na ga kafaɗarsa tana rawa. Wannan shi ne abin da Kakata take nufi da ta ce ta san abin da ya kwana da shi.

Ina nan tsaye a wajen masu azara sai na hango wani mutumin Indabo da na sani yana sauke buhu. Na tare shi. Ya ce, "Ai tare muka taso. A hanya muka gamu da masu komawa, suka ba mu labari. Ya sauka daga jakinsa ya zauna a gindin wata tsamiya. Mun yi mun yi ya tashi, ko kallonmu bai yi ba. Ko ya juya gida, ko yana nan, Allah masani." Na so in bi hanyar, sai na ji an fara kiran salla. Gawa ba ta jira, ni ma ban isa in sa ta jira ba. Na koma gida.

Kakata tana ganin fuskata ta gane. Sai a lokacin hawaye ya zubo mata, ta ce, "Shi ke nan. Su biyun duk taurin kan ubansu suka ɗauko."

Da aka sauko daga masallaci aka fito da Kaka a makara, aka ajiye a filin ƙofar gida. Jama'a ta cika har bakin hanya, mahauta, masu gishiri, Fulanin kara da sandunansu. Liman ya ɗaga murya ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa, ya dubi Allah ya yafe masa. Aka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Ni kuwa amsar ba ta shige ni ba, don muryar da nake nema ba ta ciki. Aka yi sahu, aka yi salla, aka sallame. Samari suka sunkuya za su ɗauka.

"Ku dakata."

Daga sahun ƙarshe muryar ta fito. Mutane suka dare. Kaka Ƙarami ne, taɓo har gwiwa, hula a karkace, ya tsufa fiye da yadda na san shi a makon da ya wuce. Mahaifina ya ce, "Baba, sannu da zuwa, ya haƙuri?" Kaka Ƙarami ya wuce shi. Ya zo ya durƙusa a wajen kan makarar, ya dafa likkafanin, ya yi magana da muryar da ake yi wa mai barci.

"Yaya, ga ni. Azarar nan mace ce, na sani tun ina ɗora ta. Na yafe maka abin da ka faɗa. Kai ma ka yafe min daɗewar da na yi."

Masuncin nan ya fashe da kuka kamar yaro. Liman ya bari aka ɗan nisa, sannan ya ce a ɗauka. Kaka Ƙarami ya miƙe ya kama kusurwar gaba, wajen kai da ƙirji. Wani ƙanena ya ce, "Kaka, nan da nauyi, bari mu kama." Ya dube shi ya ce, "Tun muna samari, in za mu ɗaga azara, shi yake kama gindi ya bar min bakin, don gindi ya fi nauyi. Ko sau ɗaya bai taɓa bari na kama wajen nauyi ba. Yau dai ku bar ni."

Al'adarmu ce a riƙa karɓar juna a hanyar maƙabarta, kowa ya samu ladan ɗauka. Sauran kusurwoyin an yi ta canja hannu. Tasa kuwa, ƙafarsa tana santsi a taɓo, numfashinsa yana fita da ƙyar, ba wanda ya yi ƙarfin halin miƙa hannu, shi ma bai saki ba har bakin kabari.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata masa makwancinsa, ya karɓi yafiyar da ta iso masa a ƙofar gida. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu riƙa isowa da wuri.